Tsanin Shiga Makarantar Likita: Tarihin Karatun Share Fage a Arewa, Daga Kwalejin Katsina Zuwa Ƙanƙara



Gabatarwa

Idan ana zancen ƙarancin likitoci a ƙasarmu, galibi hankalin mutane yakan tafi ga makarantar likita ita kanta: nawa gare mu, gadaje nawa ne a asibitin koyarwa, malamai nawa suka rage ba su tafi ƙasashen waje ba. Duk waɗannan tambayoyi ne masu muhimmanci, amma akwai wadda ta riga su. Kafin ɗalibi ya taɓa majiyyaci, kafin ma a yarda ya shiga ɗakin da ake koyon ƙirar jikin ɗan Adam, sai ya nuna cewa ya ƙware a fannoni uku na kimiyya. Na farko shi ne Fiziks, watau ilmin ƙarfi da motsi da haske da zafi da lantarki. Na biyu Kemistiri, ilmin sinadarai da yadda suke haɗuwa. Na uku Bayoloji, ilmin halittu masu rai. Bayan waɗannan kuma sai Lissafi da Turanci, waɗanda da su ake karanta sauran. Wannan shi ne abin da zan riƙa kira karatun share fage.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin wannan karatu a Arewa, a ga inda aka riƙa yin sa a kowane zamani, da wanda ya ɗauki nauyinsa. Domin kada maganar ta zama ta sama-sama, zan riƙa auna kowane zamani da yaro ɗaya na misali, ɗan manomi daga Mabai ta ƙasar Ƙanƙara, ko wani ƙauye irinta a Faskari ko Sabuwa. A kowane mataki za mu tambaya: in da wannan yaro yana da ƙwaƙwalwa da niyya, ina za shi ya sami fannonin nan uku? Abin da tarihin zai nuna mana shi ne, fannonin ba su canja ba cikin shekara ɗari, amma wurin koyonsu ya yi ta sauka, daga Ingila zuwa Ikko, daga Ikko zuwa Zariya, har ya iso makarantar sakandaren da ke kusa da gida. Saboda haka yau a can ne ake yanke hukuncin wanda zai zama likita, tun shekaru kafin ya ga ƙofar jami'a.

Kafin zuwan Turawa

Sharaɗin cewa sai an share fage kafin a shiga ilmin magani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Masu aikin lafiya na gargajiya, wanzami da maɗori da ungozoma da mai magani, ba wanda yake fara aiki rana ɗaya. Ɗan wanzami yakan yi shekaru yana ɗaukar zabira, yana wasa aska, yana kallon yadda ake ƙaho da cire beli, kafin a bar shi ya taɓa kan mutum. A wajen malamai kuwa abin ya fi haka tsari. Ilmin ɗibbu yana cikin littattafan Larabci ne, kuma ba mai iya buɗe su sai wanda ya sauke Alƙur'ani, ya yi fiƙihu, ya sami nahawu da lugga. Shugabannin jihadi sun yi rubutu a wannan fanni: Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa *Masalihul Insan*, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya bar littattafai da dama a kan magani. Kudancin ƙasar Katsina ma ba a bar shi a baya ba wajen ilmi, domin 'Yandoto, wadda ke yamma da ƙasar da muke magana a kanta, tsohuwar cibiyar malamai ce da almajirai suke zuwa daga nesa.

Abin lura a nan shi ne, a wancan zamani tsanin yana cikin gari. Duk matakin da mai neman ilmi yake bukata, ko dai yana zauren unguwarsu, ko kuwa yana garin da zai iya isa da ƙafa. Likitancin zamani da ya zo, sai ya zo da nasa sharuɗɗan, amma bai zo da matakan hawa ba.

Inda sharuɗɗan suka samo asali

A Ingila, tun bayan da aka kafa majalisar kula da aikin likita a 1858, aka fara daidaita abin da ya wajaba ɗalibi ya sani. A hankali tsarin ya zauna a kan jarrabawa hawa-hawa: ta farko a kan Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, ta biyu a kan ƙirar jiki da aikin gaɓoɓinsa, ta ƙarshe kuma a kan cututtuka da jiyya da fiɗa. A Amurka sai aka bi wata hanya. Makarantar likita ta Jami'ar Johns Hopkins, wadda aka buɗe a 1893, ta ce ba ta karɓar kowa sai mai digiri. A 1910 kuma Abraham Flexner ya fito da rahotonsa, inda ya nuna cewa makarantun likita da yawa a ƙasar suna karɓar ɗaliban da ba su da tushen kimiyya, ya kuma ba da shawarar a wajabta aƙalla shekara biyu na karatun kimiyya a jami'a kafin shiga. Daga nan ne tsarin Amurka ya taso, inda ɗalibi yakan gama digirin farko na shekara huɗu, ya cika fannonin da aka shar'anta, sa'an nan ya nemi makarantar likita ya yi wasu huɗu.

Nijeriya tsarin Ingila ta gada. Amma ko ta wace hanya aka bi, dalilin ɗaya ne. Wanda bai fahimci matsin ruwa a cikin bututu ba, ba zai fahimci hawan jini ba. Wanda bai san yadda sinadarai suke sarrafuwa ba, ba zai gane abin da ƙwayar magani take yi a hanta ko a ƙoda ba. Wanda kuma bai iya lissafin kaso ba, yana iya kashe jariri da maganin da ya kamata ya warkar da shi.

Zamanin mulkin mallaka: tsani ba matakan tsakiya

Mutanen Kudu sun riga mu shiga wannan fage da nisa. Tun a shekarun 1870 Nathaniel King ya gama karatun likita a Edinbara ya dawo Ikko yana aiki. A Arewa kuwa, makarantar boko ta gwamnati ba ta fara ba sai 1909, lokacin da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe ta Nassarawa a Kano. Kwalejin Katsina, wadda ta karɓi ɗalibanta na farko a 1921, Gwamna Clifford kuma ya buɗe ta a 1922, ita ce ƙololuwar ilmin boko a duk faɗin Arewa. To, amma an kafa ta ne don horar da malaman makaranta. Ƙarfinta yana ga Turanci da Lissafi da Tarihi da Labarin Ƙasa, kimiyya kuwa sai daga baya ta shigo. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yanzu.

A 1930 gwamnati ta buɗe makarantar likita a Yaba ta Ikko, Babbar Kwalejin Yaba kuma, wadda aka buɗe a hukumance a 1934, ita ke ba da karatun kimiyyar share fage. Waɗanda suka gama ana kiransu mataimakan likita ne, takardarsu ba ta aiki a wajen Nijeriya, albashinsu kuma bai kai na Bature mai irin aikinsu ba. Abin da Arewa ta samu a wannan lokaci shi ne makarantar horar da masu haɗa magani a Zariya, da horon malaman asibiti waɗanda En'e take turawa ƙananan ɗakunan shan magani na gundumomi. Waɗannan bayin Allah sun yi aiki ƙwarai, su ne suka yi ta fama da gyambo da ƙaba da ciwon ido a karkara, amma ba a shirya su don su hau sama da inda aka ajiye su ba.

To, mu dubi yaronmu na Mabai a wajen 1940. Sai ya yi sa'a an ɗauke shi elementare a garin hakimi. Sai ya yi fice a can kafin a kai shi Midil ta Katsina. Daga Midil 'yan ƙalilan ne ake zaɓa zuwa Kwaleji, daga dukkan lardunan Arewa. In ya tsallake duk wannan, En'e tana jiransa da aikin malanta ko na ofis, domin ita ta biya kuɗin karatunsa kuma tana da bukatarsa. Hanyar Yaba a buɗe take a takarda, amma matakan da za su kai shi can ba su cika ba.

Wannan ne ya sa likitan farko ɗan Arewa bai fito ta wannan hanya ba. Dokta Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya tashi ne a hannun 'yan mishan na Zariya, jama'ar Dokta Miller waɗanda daga baya suka zauna a Wusasa. Daga nan ya tafi King's College ta Ikko, inda ake koyar da kimiyya sosai, sa'an nan Jami'ar Birmingham a Ingila. Ya kama aikin gwamnati a 1940, watau fiye da shekara sittin bayan Nathaniel King. Shi ne kuma ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta, asibitin Barau Dikko na Kaduna ma sunansa ya ci. Tarihinsa hujja ce a kan abin da muke faɗi: ba basira Arewa ta rasa ba, wurin share fage ta rasa, kuma wanda ya samu sai da ya bar Arewa kafin ya samu.

Daga Badun zuwa jajibirin mulkin kai

Bisa shawarar kwamitin Elliot, aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, makarantar Yaba kuma ta narke a cikinta. A shekarun farko ɗalibai sukan yi karatun share fage da na ƙirar jiki a Badun, sa'an nan a tura su Ingila su ƙarasa a asibitocin can, har zuwa lokacin da aka buɗe asibitin koyarwa na Badun a 1957. Cikin ɗaliban farko akwai 'yan Arewa biyu da suka yi suna daga baya. Ɗaya shi ne Ishaya Audu, haifaffen Anchau, wanda ya bi ta Wusasa da Yaba, ya ƙarasa a Landan a 1954. Ɗayan kuma Umaru Shehu na Maiduguri, wanda ya fito daga Kwalejin Kaduna, ya ƙarasa a Liverpool.

Ƙofa biyu ce ta shiga Badun. Mai takardar sakandare kaɗai yakan zauna jarrabawar shiga, in ya ci ya yi shekarar share fage a jami'a. Wanda kuwa ya yi ƙarin shekara biyu bayan sakandare, ya sami babbar takardar da ake kira HSC a fannonin nan uku, sai a yafe masa wannan shekara. Matsalar Arewa ita ce makarantun da ke da ajin HSC na kimiyya kaɗan ne, domin aji ne mai tsada: yana bukatar ɗakin gwaje-gwaje uku, da gas da ruwan famfo da madubin ƙara girman abu, da malamai masu digiri waɗanda a lokacin kusan duk daga waje ake ɗauko su. Reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya da aka buɗe a Zariya a farkon shekarun 1950 ya rage wannan giɓi, amma bai cike shi ba.

Gwamnatin Jihar Arewa ta ga cewa in aka jira Badun, za a daɗe ba a sami likitoci ba. Saboda haka a tsakiyar shekarun 1950 ta buɗe makarantar likita a Kano don horar da mataimakan likita, kusan irin abin da aka yi a Yaba. Makarantar ba ta yi tsawon rai ba. Ƙananan sharuɗɗan shiga sun sa an sami ɗalibai, amma sun jawo takardar da ba ta kai ta jami'a daraja ba, ƙasar da ke shirin karɓar mulkin kanta kuwa ba ta son likita mai daraja ta biyu. Darasin Kano shi ne, rage sharaɗi ba ya magance matsalar. Abin da ke magance ta shi ne a taimaki ɗalibi ya cika sharaɗin.

Zariya ta gina gada

Kwamitin Ashby, wanda ya miƙa rahotonsa a 1960, ya ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa, ya kuma ƙarfafa a yawaita azuzuwan HSC. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba 1962, a 1963 kuma aka yi dokar da ta kafa majalisar kula da likitoci ta Nijeriya, wadda ke da ikon amincewa da kowace makarantar likita. Tsangayar koyon aikin likita ta Zariya ta fara a 1967, a zamanin shugabancin Ishaya Audu, wanda ya riƙe jami'ar daga 1966 zuwa 1975. Karatun shekara biyar ne ga wanda ya zo da HSC, likitocin farko kuma suka fito a 1972.

Nan da nan tsohuwar matsala ta sake bayyana. An gina tsangaya, amma 'yan Arewa masu takardar shiga ba su isa ba. Maganin da jami'ar ta kawo a 1970 shi ne Makarantar Share Fagen Shiga Jami'a, wadda kowa ya sani da SBS. Maimakon a jira makarantun sakandare su iya abin da ba su da kayan yinsa, sai jami'a ta ɗauko ɗalibai daga aji biyar, ta zaunar da su a Samaru, ta koya musu Fiziks da Kemistiri da Bayoloji da malamanta da ɗakunan gwajinta. Jihohi ma suka bi sahu da nasu kwalejojin share fage a Kano da Maiduguri da sauran wurare. Jihar Tsakiyar Arewa, wadda lardin Katsina yake cikinta, ta kafa tata a Zariya, ta kuma sa mata sunan Kwalejin Katsina. A 1976 aka haɗa waɗannan kwalejoji a ƙarƙashin jarrabawa ɗaya, IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello take gudanarwa har yau. Jihar Kano kuma ta ƙara wani mataki a 1977, da ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya zalla a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, dabarar da wasu jihohi suka kwaikwaya daga baya.

Wannan shi ne zamanin da hanya ta fi sauƙi ga yaronmu na Mabai. In ya sami shiga sakandaren kwana, gwamnati ce ke ciyar da shi. In ya fita da sakamako mai kyau, ko da makarantarsu ba ta da ƙarfi a kimiyya, akwai wurin da zai je a gyara masa tushe, jiha kuma ta biya masa sukolashif. Har ila yau aikin likita ya matso kusa da shi ta wata fuska, domin asibitin Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, yana cikin asibitocin da jami'ar take koyarwa a cikinsu. A shekarun 1970 an gudanar da babban bincike a wannan yanki tare da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, a kan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji da sauransu. Da yawa daga cikin manyan likitocin Arewa da suka shugabanci asibitoci da tsangayoyi daga baya, ta wannan gada ta share fage suka haye.

Nauyi ya sauko kan sakandare

Daga ƙarshen shekarun 1970 tsarin ya sake. An kafa hukumar JAMB a 1978 don ta riƙa shirya jarrabawar shiga jami'a guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982, ɗaliban farko kuma suka zauna sabuwar jarrabawar gama babbar sakandare a 1988, shekara guda bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina. Ajin HSC ya mutu a makarantun gwamnati. Abin da ake koyarwa a cikinsa aka raba shi biyu: kashi ɗaya ya sauko cikin shekara uku na babbar sakandare, ɗayan ya zama shekarar farko ta jami'a. Karatun likita ya koma shekara shida.

Ga yadda tsanin yake a yanzu. Ɗalibi yana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, jami'o'i da yawa kuma suna shar'anta a same su a zama ɗaya. A jarrabawar JAMB zai amsa Turanci da fannonin kimiyyar nan uku, kuma tun daga 2015 da kwamfuta ake yin ta. Tun 2005 jami'o'i suke ƙara tasu tantancewar bayan ta JAMB. Wanda ya bi ta IJMB ya sami sakamako mai ƙarfi yana iya shiga aji biyu kai tsaye.

Shekarar farko a jami'a ita ce ainihin magajiyar jarrabawar farko ta Ingila. Ɗalibi bai shiga tsangayar likita ba tukuna, yana tsangayar kimiyya ne tare da ɗaruruwan wasu, yana ɗaukar Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kowanne da darasin aji da na ɗakin gwaji, ga Lissafi, ga darussan gama-gari kamar Turanci. Tun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da mafi ƙarancin ma'aunin karatu a 1989, da awo ake lissafa nauyin darussa. Awo ɗaya shi ne lacca ta sa'a ɗaya kowane mako har tsawon zangon karatu na mako 15, ko kuwa sa'a uku a ɗakin gwaji. Ƙa'idar ita ce kada ɗalibi ya ɗauki ƙasa da awo 15 ko fiye da 24 a zango. Alal misali, mai awo 18 na lacca da awo 3 na gwaji yana da sa'a 27 a mako a gaban malami, ban da nazarin da zai yi shi kaɗai, wanda ya kamata ya fi haka yawa. Kuma cin jarrabawa kawai ba ya wadatarwa, domin majalisar likitoci ta ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta iya horarwa gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Wanda ya yi rauni a fanni ɗaya cikin ukun, sau da yawa sai a juya shi zuwa wani sashe.

Wanda ya haye zai yi wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu a kan ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi da sinadaran jiki, ya zauna babbar jarrabawa wadda makin cinta 50 ne cikin ɗari, sa'an nan ya shiga asibiti ya yi ilmin cututtuka da na magunguna, da jiyyar yara da ta mata da lafiyar al'umma, ya rufe da jiyyar manya da fiɗa. Bayan digiri akwai shekara guda ta aiki a ƙarƙashin kulawar manya, da shekara guda ta bautar ƙasa. Idan aka haɗa tun daga aji ɗaya na firamare, shekara 20 ke nan, in ba a maimaita aji ba, ba a kuma yi yajin aiki ba.

Jama'a, ku lura da abin da wannan canji ya haifar. A 1975 raunin sakandare abu ne da ake iya gyarawa a Samaru. A tsarin yanzu kuwa, yaro yana ɗan shekara 15 ake raba shi zuwa ajin kimiyya ko na adabi, kuma in makarantarsu ba ta da malamin Fiziks, an rufe masa ƙofar likita tun ranar, ko shi bai sani ba. Shekarar farko ta jami'a ba gyara take yi ba, tankaɗe take yi. Wanda ya taɓa riƙe bututun gwaji da hannunsa, da wanda a allo kawai aka zana masa shi, a ɗaki ɗaya za su zauna, takarda ɗaya za a ba su.

Halin da kudancin Katsina yake ciki

Ba a bar wannan yanki hannu sake ba. An kafa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati a Ƙanƙara, irin waccan dabara ta tara yara masu hazaƙa wuri ɗaya inda za a iya wadata su da malamai da kayan gwaji. A farkon shekarun 2000 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar share fage da gyaran tushe a Funtuwa, wadda ke shirya ɗalibai don IJMB. A iya cewa gadar da a dā take Samaru ta matso har ƙofar Faskari da Sabuwa. Tsanin da Barau Dikko ya je nema Ikko da Birmingham, yau matakansa na farko suna cikin tafiyar sa'a ɗaya ko biyu daga Mabai.

Sai dai a daidai lokacin da tsanin ya iso gida, sai gidan ya shiga wani hali. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai, aka sako 344 ran 17 ga watan. Gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana a lokacin. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni a haka, alhali rajistar jarrabawa da duba sakamako duk sun koma ta intanet. An yi magana mai yawa a kan waɗannan abubuwa ta fuskar tsaro, amma ta fuskar tarihin da muka biyo suna da wata ma'ana. Makarantar kimiyya ta kwana ita ce matakin da ɗan ƙauye ba shi da madadinsa. Mai hali yana iya mai da ɗansa Katsina ko Kaduna ko Kano. Ɗan manomi kuwa, in uban ya ji tsoro ya dawo da shi gida, ko malamin Kemistiri ya nemi canjin wurin aiki bai sami magaji ba, to shi ke nan. Abin ya fi tsanani ga 'ya'ya mata, waɗanda ko da lafiya ma iyaye ba su cika sakin su zuwa makarantar kwana ba, ga shi kuwa matan karkara sun fi sakin jiki da likita mace. Kuma asarar irin wannan ba ta bayyana nan take. Ajin da ya watse a bana, sai bayan shekara goma za a ga gurbinsa a asibiti.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ina ganin akwai abubuwa uku da za mu ɗauka. Na farko ga ɗalibai: sharuɗɗan nan ba mugunta ba ce ta malaman jami'a, kuma ba za su sauka ba, domin sun fi shekara ɗari suna nan. Mai son likita ya fara shiri tun daga ajin farko na babbar sakandare, ya ba Lissafi da Turanci haƙƙinsu, domin su ne suka fi kayar da ɗalibanmu a ɓoye. Wanda kuma bai samu a karon farko ba, ya sani hanyar IJMB ba abin kunya ba ce, manyan malamansa da yawa ta irinta suka bi.

Na biyu ga ma'aikatan ilmi da na kuɗi: tura malamin Fiziks ɗaya zuwa Faskari, da tabbatar da cewa ya zauna, aikin lafiya ne kamar gina ɗakin haihuwa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jihar da ta buɗe tsangayar likita ba ta gyara ɗakunan gwajin sakandarenta ba, za ta horar da 'ya'yan birni ne kawai, su kuwa ba safai suke karɓar aiki a ƙauye ba.

Na uku ga jami'o'inmu: abin da Zariya ta yi a 1970 shi ne ta ƙi yarda da cewa raunin makarantar yaro laifin yaron ne. Ba ta rage sharaɗi ba, ba ta kuma tsaya jira ba, sai ta ɗauki nauyin share fagen da kanta. Yankunan da rashin tsaro ya ɗaiɗaita makarantunsu suna bukatar irin wannan tunani a yau, a ware musu gurabe a makarantun share fage, a ɗauki nauyin ci da kwanan ɗalibansu, a ba su shekarar da za su cike abin da suka rasa kafin a auna su da sauran.